Nothing Sacred ko His Girl Friday: wanne ya fi tona asirin aikin jarida?

Ɗan'uwa, ka ce ƙungiyarku ta ɗaliban aikin jarida za ta haska fim ɗaya a zaman da za ku yi kan labaran ƙarya, an ba ka sunayen tsofaffin finafinan barkwanci biyu na Amurka, Nothing Sacred na 1937 da His Girl Friday na 1940, kana son sanin wanda ya fi dacewa. Ka ɗauki Nothing Sacred. His Girl Friday ya fi shi iya tsari da iya wasa, ya kuma fi shi suna nesa ba kusa ba, amma ga abin da kuke son tattaunawa, Nothing Sacred ne ya taɓa inda ke ciwo. Bari in jera maka su gefe da gefe, ka auna da kanka. Zan faɗi yadda kowanne ya ƙare, tunda kai ne za ka jagoranci zaman.

Dukansu biyu daga hannun mutum ɗaya suka fito, Ben Hecht. Tun yana matashi ya shiga aikin jarida a Chicago, kuma aikinsa na farko shi ne samo hotunan waɗanda aka kashe ko suka shiga abin kunya, ko da ta kama ya sato su daga gidajen iyalansu. Shi ya rubuta Nothing Sacred, daga wani gajeren labari na James H. Street. Shi ne kuma, tare da abokinsa Charles MacArthur wanda shi ma tsohon ɗan jaridar Chicago ne, suka rubuta wasan daɓen The Front Page a 1928, wanda Charles Lederer ya juya ya zama His Girl Friday. Har sunan likitan ƙwararre da ake kirowa a finafinan biyu ɗaya ne, Dakta Eggelhoffer. Saboda haka sukar da ke cikinsu ta ɗan gida ce, wanda ya san inda ake ɓoye kayan. Dukansu kuma suna cikin salon da ake kira screwball, wanda ya bunƙasa bayan an tsaurara dokar tace finafinai ta Hollywood a 1934: namiji da mace suna son juna, amma ta hanyar cacar baki da rigima da guje-guje ake nuna son.

Nothing Sacred, wanda William Wellman ya ba da umarni, David O. Selznick ya ɗauki nauyi, da ƙarya yake buɗewa tun kafin ka gyara zama. Jaridar Morning Star ta New York ta haɗa gagarumar liyafa don karrama wani sarki daga wata ƙasa mai nisa da ya yi alƙawarin zuba dukiya a wani aikin alheri. Ana tsaka da jawabi sai ga matarsa da 'ya'yansa sun shigo, ashe shushaina ne daga unguwar Harlem. Edita Oliver Stone ya fusata, ya tura ɗan jaridar da ya kawo labarin, Wally Cook, teburin rubuta sanarwar rasuwa. Don ya farfaɗo da sunansa, Wally ya roƙi a tura shi wani ƙaramin gari mai suna Warsaw a jihar Vermont, inda aka ce wata budurwa, Hazel Flagg, tana jiran mutuwa saboda gubar sinadarin radiyam. Kafin ya same ta, likitan garin, Dakta Downer, ya riga ya gaya mata cewa kuskure ya yi, lafiyarta ƙalau. Hazel ba ta yi murna yadda ake zato ba, domin ciwon ne kaɗai tikitinta na fita daga garin da ya ishe ta. Da Wally ya ce jarida za ta kai ta New York kyauta, ita da likitanta, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

His Girl Friday, na Howard Hawks a kamfanin Columbia, ta wata ƙofar ya shigo. Hildy Johnson, gwanar 'yar jaridar Morning Post, ta zo ta shaida wa editanta Walter Burns, wanda kuma shi ne tsohon mijinta, cewa gobe za ta auri wani mai sayar da inshora, Bruce Baldwin, su koma Albany, ta bar aiki ke nan. A daidai lokacin ana shirin rataye wani talaka, Earl Williams, wanda ya rasa aikinsa ya ruɗe ya harbe ɗan sanda. Walter yana son abu biyu, labarin da kuma matar, kuma babu abin da ba zai yi ba don ya same su. Sau uku yana sa a kama Bruce: a ce ya saci agogo, a ce ya tare wata mace a titi, a ƙarshe a same shi da jabun kuɗin da yaron Walter ya kawo. A asalin wasan daɓen, da fim ɗin farko na 1931, Hildy namiji ne. Hawks ne ya mai da shi mace, wannan canjin kuwa shi ya ba fim ɗin ransa.

To, ga inda suka rabu, kuma a nan zaɓina ya tsaya. Ka tambayi kowane fim: wa ke yin ƙarya, wa ke cin moriyarta, wa kuma aka ɗora wa laifi a ƙarshe?

A His Girl Friday 'yan jarida maƙaryata ne, fim ɗin bai ɓoye ba. Amma akwai waɗanda suka fi su muni. Magajin gari da shugaban 'yan sandan yankin, Hartwell, suna son a rataye Earl kafin zaɓe don su samu ƙuri'a. Gwamna ya aiko da takardar dakatar da hukuncin ta hannun wani bawan Allah mai suna Pettibone, magajin gari ya yi ƙoƙarin toshe masa baki da babban muƙami don ya koma ya ce bai kawo ba. Da asirinsu ya tonu a ƙarshe, Walter da Hildy ne suka fita da nasara: an ceci ran Earl, 'yan siyasa sun ji kunya, jarida ta samu labarinta. Mai kallo yana tashi da jin cewa ɗan jarida shu'umi ne, amma shu'umin da ake bukata, domin in ba shi ba da an kashe mutum saboda ƙuri'a. Walter bai biya komai ba a kan abin da ya yi wa Bruce. Ya ma samu matar, kuma maimakon tafiyar amarci zuwa Niagara sai suka nufi Albany ɗauko labarin yajin aiki, Hildy na biye da shi da akwati a hannu. Cary Grant, wanda ya fito a matsayin Walter, yana da farin jinin da zai sa ka yafe wa Walter kafin ka gama lissafa laifinsa. Na tabbata in ka haska wa ɗalibai wannan, rabinsu za su fita suna sha'awar zama Walter Burns ko Hildy Johnson, domin fim ɗin yana son 'yan jarida, yana son ƙarar keken rubutu da wayoyi da gudun cika shafi kafin a buga.

Nothing Sacred bai bar wa kowa wurin tsayawa ba. Hazel ta yi ƙarya don ta ga birni. Likita ya rufa mata don kada a san ya yi kuskure, ga kuma tsohuwar gabar da yake yi da Morning Star tun wata gasar rubutu da ya shiga bai ci ba. Jarida ba ta bincika ba domin labarin ya yi mata daɗi. Sai kuma babban mai laifin da ɗaya fim ɗin bai kula shi ba: jama'a. New York ta rungumi Hazel. An ba ta mabuɗin gari, mawaƙi ya rubuta mata waƙa, 'yan makaranta sun zo sun rera mata, an tsayar da kokawa a tsakiyar fili don a yi shiru na girmama ta. A wani gidan rawa an shirya wasan jarumai mata na tarihi a kan dawakai, aka kira Hazel ta hau dandamali a matsayin ta ƙarshensu, ta yanke jiki ta faɗi. Barasa ce ta kayar da ita, amma mutane suka ɗauka ajali ne, masu ɗaukar hoto suka yi ca. Wellman yana yawan juya kyamara kan fuskokin masu kuka, ka ga kukan yana yi musu daɗi, suna ci suna sha suna share hawaye. Tausayin nan nasu ne suke ji wa kansu, suna son a gan su cikin masu tausayi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: jarida tana sayar da abin da mai karatu ya zo saye.

Ƙarshen ya fi komai zafi. Ƙwararrun likitoci daga Turai sun duba Hazel, babu ko ɗigon radiyam a jikinta. Editan da ya kamata ya yi hamdala yarinya za ta rayu, ji ya yi kamar an yi masa rasuwa, da aka ce wataƙila ciwon huhu ya kama ta kuwa sai fuskarsa ta washe. Hazel ta gaji, ta faɗa wa manyan gari da shugabannin ƙungiyoyin da suka yi ta karrama ta gaskiya. Nan ne za ka zata rufi zai faɗo. Sai suka ce a rufe maganar, domin kowannensu ya riga ya jingina mutuncinsa da labarin, in ya rushe da su zai rushe. Aka buga cewa Hazel ta tafi ta mutu ita kaɗai inda ba wanda zai gan ta, ita kuwa tana cikin jirgin ruwa da Wally, sun yi aure. Ƙaryar ba ta taɓa tonuwa ga jama'a ba, kuma waɗanda suka san gaskiya su suka binne ta da hannunsu. Wannan shi ne abin da ɗalibin jarida ya kamata ya zauna ya yi tunani a kai: yadda labarin ƙarya, in ya yi girma, yake tara masu tsaronsa daga cikin waɗanda ya yaudara. Duk wanda ya taɓa ganin an yaɗa hoton mara lafiya a Facebook ko WhatsApp ana neman taimako, daga baya ta bayyana shiri ne, ya san yadda waɗanda suka fi yaɗawa suke ƙin a tayar da zancen.

Akwai kuma wani abu a fim ɗin da nake so ka tsayar da ɗalibai a kansa, domin yana wucewa da sauri. Da Wally ya sauka a Warsaw, mutanen garin ba sa ba shi amsar da ta wuce e ko a'a, har wani ƙaramin yaro ya fito da gudu ya cije shi a ƙafa. An gaya masa dalili a fili: kamfanin agogo na Paragon ne ke da garin, kuma ba ya son a buga abin kunya. Ka ji labari. Kamfani da ake zargin gubarsa na kashe ma'aikaciya, gari guda da aka rufe wa baki. Wally bai taka ƙofar kamfanin ba, bai nemi wata ma'aikaciyar ba, bai tambayi yadda aka yi gubar ta shiga jikinta ba. Kyakkyawar fuska mai shirin mutuwa yake nema, ya samu, ya tafi.

Masu kallo a 1937 sun san wannan ba tatsuniya ba ce. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 'yan mata a kamfanin United States Radium Corporation da ke Orange a jihar New Jersey suke shafa fenti mai radiyam a fuskar agogo don lambobin su riƙa haske da dare. An koya musu su riƙa lasar bakin buroshi da leɓe don ya yi tsini. Haƙoransu suka zube, ƙashin muƙamuƙinsu ya ruɓe, da yawa suka mutu. Grace Fryer da wasu mata huɗu suka kai ƙara a 1927, aka sasanta a 1928 a kan dala 10,000 ga kowace da dala 600 duk shekara muddin tana raye, kuma jaridu sun yi ta cin kasuwa da su a matsayin matan da mutuwa ke jira. A garin Ottawa na jihar Illinois, matan kamfanin Radium Dial suna cikin tasu gwagwarmayar a daidai lokacin da fim ɗin ke gidajen kallo. Catherine Donohue ta ba da shaida tana kwance, ta rasu a 1938. Ina ganin wannan ta fuska biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Fim ɗin ya kama halin jaridun da suka mai da azabar matan nan haja. Amma shi ma ya ɗauki ciwon da ke kashe mata na gaske ya gina barkwanci a kansa, ya kuma zaɓi ya nuna macen da take ƙaryar ciwon, alhali kamfanonin sun shafe shekaru suna musanta cewa fentinsu ne ke kashe ma'aikata. Wannan yana damuna duk lokacin da na tuna fim ɗin, kuma muhawara ce da za ta ci muku sa'a guda ita kaɗai.

Kada in zalunci His Girl Friday. Yana da wuri guda da ya fi duk wani abu a Nothing Sacred taɓa zuciya, shi ne na Mollie Malloy. 'Yan jarida suna zaune a ɗakinsu na ginin kotu suna karta, ta taga ana jin ana gwada igiyar rataya, ɗayansu har ya roƙi a dawo da ratayar daga ƙarfe bakwai zuwa biyar na asuba don ta shiga bugun safe. Mollie ta shigo. Abin da ya haɗa ta da Earl shi ne ta gan shi cikin ruwan sama yana rawar sanyi, ta ba shi mafaka dare ɗaya. Jaridu suka mai da ita farkarsa, suka ce ta yi alƙawarin aurensa a gindin igiya. Ta zo tana kuka tana ce musu ƙarya suka yi mata, suna mayar mata da baƙar magana ba tare da sun ɗaga kai daga karta ba. Da Hildy ta fitar da ita, ɗakin ya yi tsit, Hawks ya bar shirun ya daɗe, kowa ya kasa kallon ɗan'uwansa. Daga baya, bayan Earl ya tsere daga kurkuku, da suka matsa mata ta faɗi inda ya ɓuya, sai ta faɗa ta taga don kada ta tona shi. A nan ne kaɗai cikin finafinan biyu ka ga mutumin da labarin ƙarya ya taka, da fuskarsa da muryarsa. A Nothing Sacred ba wanda ya ji ciwo, shi ya sa dariyarsa ta fi sanyi.

Akwai kuma darussan sana'a ƙanana da His Girl Friday ya fi ɗan'uwansa nunawa. Hildy ta saye mai gadin kurkuku da kuɗi ta shiga wurin Earl, sannan a hirar ta ɗora masa magana a baki: ta ɗauko wani zance da ya ji a bakin masu jawabi a dandali, cewa duk abin da aka ƙera don amfani aka ƙera shi, ta ja shi har ya yarda cewa shi ya sa ya harba bindigar da ke hannunsa. Niyyarta ta ceto shi ce, amma labarin nata ne, ba nasa ba. Lokacin da aka fito da Earl daga cikin teburin da aka ɓoye shi, kowane ɗan jarida ya ɗauki waya yana ba ofishinsa labari daban a kan abu ɗaya da suke kallo tare: wannan ya ce ya yi turjiya, wancan ya ce bai motsa ba. Walter kuma yana waya yana cewa a share shafin farko, a ture yaƙin Turai da girgizar ƙasar Chaina, a kai Hitila shafin barkwanci, amma a bar labarin wani zakara domin yana jan hankalin mutane. Fim ɗin ya fito a watan Janairun 1940, ana wata huɗu da fara yaƙin.

Ta fuskar iya aiki ba sai na ja ba. Rosalind Russell ta ba Hildy kwarjini da basira, mace ce da duk mazan ɗakin suka yarda ta fi su iya rubutu, abin da ba a cika gani ba a finafinan lokacin. Hazel ta Carole Lombard ba ta da sana'a, ba ta da wannan ƙarfin, amma Lombard ta iya nuna mutumin da lamirinsa ke cizonsa yana kuma jin daɗin abin da ƙaryar ta kawo masa. Fredric March a matsayin Wally ya ɗan yi nauyi, bai kai Grant sauƙin jiki ba. Nothing Sacred mai launi ne, na Technicolor, shi kaɗai ne cikakken fim mai launi da Lombard ta yi kafin ta rasu a haɗarin jirgin sama a 1942 tana da shekara 33. His Girl Friday baƙi da fari ne.

Maganar da ta shafe ku kai tsaye ita ce ta sauri. Hawks ya sa 'yan wasansa suna magana a kan maganar juna, wani bai rufe baki ba wani ya ɗauka, wani lokaci mutum uku a waya uku a ɗaki ɗaya. Abin burgewa ne, amma ko wanda aka haifa da Turancin Amurka yana zubar da wasu kalmomin. A zauren da lasifika ba ta da kyau, rabin barkwancin zai bi iska, rubutun ƙasan allo ma ba ya iya bin su. Nothing Sacred yana tafiya a hankali, yawancin abin dariyarsa ido ne ke gani, kuma bai kai minti 80 ba, shi kuwa ɗayan minti 92 ne.

Sai abubuwan da ya kamata ka faɗa wa mutane kafin a kashe fitila. Dukansu suna ɗauke da wariyar launin fatar zamaninsu. A Nothing Sacred an mai da baƙar fatan shushainan abin dariya ta hanyar da za ta ɓata wa ɗan Afirka rai, kuma da ita fim ɗin ya fara. Hattie McDaniel, wadda ta fito a matsayin matarsa na ɗan lokaci kaɗan, ita ce bayan shekara biyu da 'yan watanni ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar. A His Girl Friday ɗan sandan da Earl ya kashe baƙar fata ne, kuma ba a ambace shi ba sai a lissafin ƙuri'un baƙaƙe. Ba a nuna iyalinsa ba, ba wanda ya yi jimaminsa, har Hildy. Fim ɗin da ke zargin jarida da rashin ganin mutum shi ma bai ga wannan mutumin ba, kuma ya kamata ɗalibai su lura da hakan. Nothing Sacred yana da shan barasa da yawa, likitan kusan kullum a buge yake, akwai kuma wurin da Wally ya tsokani Hazel da faɗa don ta yi gumi ta yi kama da mai zazzaɓi kafin likita ya shigo, ya nushe ta ta suma, ita ma daga baya ta rama ta kayar da shi. A 1937 dariya aka yi. Ni ban ga abin dariya a namiji ya naushi mace ba, kuma gara ka ambata shi da bakinka tun farko.

Samun su ba wuya, domin dukansu sun fita daga haƙƙin mallaka a Amurka saboda ba a sabunta rajistarsu ba, suna nan a YouTube da Internet Archive. Sai dai hakan ya sa kwafi marasa kyau sun yi yawa, musamman na Nothing Sacred, inda launin ya koɗe fuskoki suka koma ruwan ƙasa. Ka nemi wanda aka gyara, ka gwada sautinsa a zauren kafin ranar. In lokaci ya ba ku, bayan an gama shi ka ɗora musu wurin Mollie Malloy daga His Girl Friday, 'yan mintuna ne, ka fara daga inda 'yan jaridar ke karta ka tsaya bayan Hildy ta dawo ɗakin.